Langa a Kan Katanga

Litinin, 4 ga Agusta, bayan azahar

Ƙanena Auta ya rasu. Ɗana Bashir ne ya bugo daga Kano, ya ce da safe ne, a wani asibiti a Abuja. Na ce masa to. Ya ce, "Mama, kin ji ni kuwa?" Na ce na ji, kunnena lafiya ƙalau.

Ban kai ga ajiye wayar ba na jiyo hon daga bakin titi. 'Yan keke napep ne suka jeru suna dannawa kamar masu rakiyar amarya, wasu na ihu. Ashe gari ya riga ni ji. Ni da na goya shi bayan Inna ta rasu, na kama hannunsa na kai shi aji ɗaya a makarantar da nake koyarwa, ni ce ta ƙarshe.

Su ba Auta suke ce masa ba. A bakin masoyansa Honarabul Babaji Mai Burtsatse ne, a bakin sauran kuma Katafila. A gidanmu kaɗai yake Auta, kuma 'yan gidanmu yanzu saura ni.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

An kai shi. Na wuni a gidansa na sabuwar unguwa. Mai gadi ya tare ni a ƙofa don a keke napep na zo, sai da matarsa Hajiya Nuriyya ta aiko aka shigo da ni. Falo cike da mata, leshi da turare kamar gidan suna. Wadda ta fi kowa kuka, har da birgima, da ta huta sai ta juyo ta tambaye ni ko ni mai aikin gidan ce. Na ce a'a, mai yi masa tsarki ce a da.

Mata ba sa zuwa jana'iza, amma labarinta ya riga maza dawowa. Wai da liman ya roƙi jama'a duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa, wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce ba su yafe ba. Wasu suka amsa masa. Yaran Auta suka yi kansu, sai da dattawa suka shiga tsakani, gawa tana ajiye a gaba. Wadda ta kawo labarin tana faɗa tana satar kallona, ta ga yadda fuskata za ta yi. Ban ba ta komai ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Na dawo gidana. Na ce wa Nuriyya mutanen unguwarmu za su zo mini gaisuwa, bai kamata su tarar da ƙofa a rufe ba. Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi, na cika buta.

Laraba, bayan magariba

Na naɗe tabarmi. Tirelolin shanu ne kawai suka wuni suna wucewa, yau kasuwa.

Sauran unguwa ban damu da su ba, wallahi. Ramlat nake jira. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun muna amare, kuma akwai inda katangar ta ɗan zaizaye, daidai kafaɗata. Nan muke ɗora langarmu. Tsohuwar langa ce mai jan fure, murfinta ya ɓantare a gefe, mun ma manta ta wace ce a cikinmu. In na yi girki na zuba mata, in ɗora, in ƙwanƙwasa murfin da cokali. Ita ma haka. Ba a taɓa mayar da ita ba komai a ciki, ko da ƙuli-ƙuli ne. Mazajenmu sun mutu, 'ya'ya sun watse, langa ba ta fasa ba. Ko bayan abin da ya faru ranar da aka rushe rumfuna ba ta fasa ba. Abu ɗaya ne, ba ma ambaton sunan Auta a kan katangar nan.

Gidan da aka yi rashi maƙwabta ke ciyar da shi, kowa ya sani. Amma langar tana wurina tun ranar Lahadi da ta aiko mini da kwaɗon rama, barkono kamar za a kashe mutum, yadda ta saba. To da wane kwano za ta aiko? Haka na gaya wa kaina. Matar da ke da kwanuka cike da kabad.

Alhamis, 7 ga Agusta, da azahar

Sadakar uku. A can gidan an yanka shanu, na ji. Ni tun jiya na jiƙa shinkafa, yau da asuba na hau tanda. Auta ba ya cin masar kowa sai tawa, ko da yake kan kujera yakan aiko direba da kula. Na rarraba gida-gida. Wasu sun karɓa, wasu sun ce suna azumi, ranar Alhamis ce dai, ba zan ƙaryata kowa ba. Wani gida aka aiko mini da cewa sadakar uku bidi'a ce. Bara da tsohonsu ya mutu har ta arba'in na ci a gidan.

Na zaɓi waɗanda suka fi kyau, masu jan baki, na jera a langa, na zuba sukari a gefe don Ramlat ta fi so da sukari. Na ɗora, na ƙwanƙwasa. Ina jin ta tana shara. Na ce, "Maman Bilya, ga sadakar Auta."

Tsintsiyar ta tsaya. Can kuma ta ci gaba.

Juma'a, 8 ga Agusta, da safe

Langa tana nan inda na ajiye ta.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Na kunna rediyo don in ji muryar mutum a gidan, sai na faɗa cikin shirin da ake bugo waya. Shi ake yi. Wani tsoho daga Danchuwa ya ce kafin Honarabul matansu da jaki suke neman ruwa, yanzu ga burtsatse a ƙofar masallaci, duk wanda ya zage shi ɗan wuta ne. Wani daga wajen Nangere ya ce gonar ubansa tana cikin shingen gidan gonar Katafila yanzu haka, su haɗu a gaban Allah. Wata ta ce shi ya biya wa 'yarta kuɗin karatun jinya. Wani ya ce ciwon da ya ci shi alhaki ne. Mai gabatarwa sai cewa yake a yi hattara da harshe, ana jin daɗin da yake ji a muryarsa.

Abin da ya fi ci mini rai, ban ji wanda ya yi ƙarya ba. Na yi ta jira wani ya yi ƙarya in samu wanda zan zaga.

Ba wanda ya bugo ya ce yana tsoron kyankyaso har ya girma, ko ya ce in zai yi dariya sai ya rufe baki saboda wushiryarsa. Wannan mamacin ni kaɗai na yi rashinsa.

Lahadi, 10 ga Agusta, da azahar

Tabarmata ta ga baƙo. Ursula ce, mai kayan miya, ta biyo daga coci da ɗankwalinta na ado da lemo a leda. Ta durƙusa ta yi gaisuwa tsaf yadda ake yi, ta fi wasu da aka haifa a ciki iyawa. Na riƙe hannunta na ƙi saki, har na ji kunya.

Ta ce ita ba ta san inda za ta ajiye mutumin nan ba. Rumfarta tana cikin layin da ya sa aka rushe a bakin titi, ta yi shekara tana talla a faranti kafin ta farfaɗo. Amma lokacin da mijinta Alphonsus ya kwanta, aka ce sai an yi masa aiki, shi ɗin ne ya biya, bai ma san rumfar wa ya rushe ba. Ta ce in ta tashi yi masa addu'a sai rumfar ta zo, in ta tashi tsine masa sai ta ga Alphonsus yana cin tuwo.

Daga nan ta kalli katanga ta ce rumfar Bilya ita ce ta uku daga tata, tana wurin ranar. Na ce lemon nan na Gboko ne ko? Ta gane, ta ce e, na can ne.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan magariba

Sadakar bakwai, na je can gidan. Kuka ya ƙare. A rumfar maza ana ta ƙus-ƙus kan wanda zai gaji kujera, har na ga fastar wani yaronsa a jikin motar da ta kawo masu gaisuwa, da hoton Auta ƙarami a sama kamar tambarin kamfani.

Bashir ya zo. A hanyar da ya mayar da ni ya ce in tattara in koma Kano wurinsa, ɗaki yana nan. Ya ce ya ga abin da ake rubutawa a waya, bai yarda in zauna ni kaɗai a unguwar nan ba. Ya ce, "Mama, wa kike da shi a nan?" Na buɗe baki zan ce Ramlat, sai na ce zan yi tunani.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

An wuni ana ruwa. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina kallon yadda yake dukan murfin langar.

Yau haushin Ramlat nake ji, bari in rubuta tunda ba mai ji. Ni na tuƙa katafilar? Ni na sa hannu a takarda? Da aka yi abin, wa ya kwana da ita, wa ya dafa wa masu makoki, wa ya riƙe ta da ta faɗi a zaure? Ban taɓa kare shi a gabanta ba. Yau ni aka yi wa mutuwa, taku kaɗan ne daga ƙofarta zuwa tawa, ta kasa. Kuma ba zan sauke langar nan ba. Ni na ɗora, ita za ta ɗauka, haka ake yi.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Na shimfiɗa tabarmi. Ban san don wa ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Jiya da yamma wasu suka rubuta GIDAN SU KATAFILA da gawayi a jikin zaurena, manya-manya. Na gani, na ce sai da safe, ƙafata ba za ta iya ba. Da na fito da bokiti bayan sallar asuba na tarar an wanke shi tas, bangon da jiƙe, ruwa bai kuma sauka ba.

Ban san wanda ya yi ba. Ƙarya nake, na sani. Mutum ɗaya ce a layin nan ke yanka tsohon buhu ta yi soso da shi, kuma ta manta shi a dokin ƙofa.

Amma langa tana nan.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan azahar

Na daɗe ina kewaye wannan, bari in rubuta.

Zuwan Auta na ƙarshe gidan nan bayan Babbar Sallah ne. Shi kaɗai ya shigo, ya bar 'yan rakiya a waje. Ya rame, hula ta yi masa yawa. Ya zauna a kan turmi kamar da, na soya masa masa, bai ci ta kirki ba. Ramlat tana daka a gidanta, ya kasa kunne yana saurare. Sai ya ce, "Yaya, wallahi ce mini aka yi babu kowa a cikin rumfunan."

Tun da abin ya faru bai taɓa ɗauko maganar ba sai ranar. Bilya ya fito ai, kowa ya gan shi a waje. Komawa ya yi ɗauko keken ɗinkinsa. Labulen ɗakin nan da nake kallo shi ya ɗinka mini, kuma ni na koya masa karatu a aji uku.

Na ce wa Auta ba ni zai gaya wa ba, ga ta can, ƙofarta a buɗe take. Ya tashi har ya kai zaure, ya tsaya. Ya ce in ya dawo daga asibiti zai shiga, yanzu ba shi da ƙarfin tsayuwa a gabanta. Na san ƙanena, da gaske yake har ransa. Kuma na san ko ya dawo da wuya ya shiga.

Tsoro nake ji masa. Duk burtsatsen duniya ba za su biya masa wannan ba sai ita ta ce ta yafe. Yafiyar nan nake ta jira a kan katanga, ba gaisuwa kaɗai ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da la'asar

Langar ta fara wari, ƙudaje sun gano ta. Ramlat ma daga ɓangarenta dole tana ji. Ba wadda ta taɓa.

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

Ina tsintar shinkafa abin ya faɗo mini, har na zubar da faranti.

Bayan rasuwar Bilya, Auta ya aiko wa Ramlat da buhun shinkafa. Shi bai zo ba, direba ya aiko. Ba ta mayar ba, don mayar da abin gaisuwa zagi ne, ita kuma ba ta zagi. Ba ta kuma shigar da shi ba, don wanda ya ci ya karɓi gaisuwar ke nan. A ƙofar zaurenta buhun ya zauna, damina irin wannan, har ya kumbura ya fashe, kaji suka ƙarasa shi. Ni da bakina na ce masa a lokacin bai kyauta ba, ba a aika buhu inda ƙafa ya kamata ta je.

To ni me na ɗora mata? Wanda ya ci masar sadaka sai ya ce Allah ya jiƙan mai ita. Ba za ta iya ci ba. Ba za ta dawo mini da ita cike ba, ba za ta zubar ta dawo da langa wayam ba. Na rasa kwanon da zan sa sadakarsa sai wannan ɗaya da muka tsare shekara da shekaru ba sunansa a ciki. Na toshe mata hanyar da take zuwa wurina, na zauna ina jin haushin ba ta zo ba.

Gaisuwar ma haka. In ta shigo ta ce ya haƙuri, me ke biye? Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Ramlat ba ta iya faɗar abin da ba ya ranta ba, ko a ciniki.

Litinin, bayan la'asar

Na sauke langar. Abin da na gani a ciki ba na rubutawa ba ne. Na wanke da toka, na sake da sabulu, na kifa a rana.

Na yi ɗanwake, na zuba, na ɗora, na ƙwanƙwasa. Na ce, "Maman Bilya, wannan ba sadakar kowa ba ce. Ɗanwake ne na yi, ya yi mini yawa."

Na koma ɗaki.

Talata, 19 ga Agusta, da asuba

Babu langa a kan katanga.

Alhamis, 21 ga Agusta, da yamma

Ba ta dawo ba. Da tana can sama aƙalla ina ganinta. Yanzu gurbin ne kawai, ƙadangare ya samu wurin shan rana.

Wataƙila ta ɗauke ne don a gama. Ita ma hanya ce, kuma ba zan ga laifinta ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan azahar

Gari ya fara mantawa. A rediyo yau tsadar taki ake yi. Masu zaginsa sun gaji, masu kukansa sun sami sabon ubangida. Na ɗauka in aka daina zan ji sauƙi, sai na ji kamar yau aka binne shi.

Bashir ya bugo, ya ce zai turo mota ranar Asabar. Ban ce a'a ba.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Na fara haɗa kaya. Na kai hannu zan cire labulen, na bar shi.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan la'asar

Ina ɗaure akwati na ji cokali a kan murfi.

Na fito ba ko ɗankwali. Ga langa a gurbinta, ga saman kan Ramlat a bayanta. Ta rame ita ma. Ba ta kalle ni ba, bakin katangar take kankarewa da farce. Ta ce ɗanwaken ya yi kanwa da yawa. Na ce na sani. Ta ce ta ga ana fitar da tabarmi ana shanyawa, ta ji an ce mota za ta zo. Na ce haka Bashir ya ce.

Sai ta ce, "Malama, ban yafe masa ba. Na gwada, Allah ya gani, kullum in na yi sallah sai na gwada. Kada ki roƙe ni."

Na ce ba zan roƙe ta ba. Maganar da ya yi a kan turmi ta zo mini har baki. Na haɗiye ta. Tasa ce, shi ya kamata ya kai, kuma in na faɗa yau wata masar ce na sake ɗorawa.

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da aka yi rasuwar. Ta ce, "Ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya."

Na jira ragowar. Ita ma ta san ina jira. Muka tsaya haka, katanga a tsakani, har aka fara yayyafi. Ba ta faɗa ba. Ta turo langar wajena ta ce in ci tun da zafi, ta ga hayaƙin murhuna ba kullum yake tashi ba.

Tuwon dawa ne da miyar kuka, barkono kamar za a kashe mutum. Na zauna a kan turmin na cinye tas, ina ci ina kuka, kukan da ban yi ba tun ranar da Bashir ya bugo. Auta, na nema maka ban samo ba. Abin da aka ba ni nawa ne ni kaɗai, kuma na karɓa. Allah ya jiƙanka, ni dai na faɗa.

Juma'a, bayan magariba

Na ce wa Bashir kada ya turo motar. Ya tambayi dalili, na ce langar mutane tana wurina, ba a mayar da ita haka nan.

Gobe in Allah ya kai mu zan sake ɗanwaken, in rage kanwa.